Ko Laifi Ne Ma'aikatan Bishara Su Fita Ganin Gari?

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga Atina, babban birnin ƙasar Girka. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai iya bayyana mai ita.

"Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Shekararmu ɗaya da rabi ke nan a wannan birni, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ikilisiyarmu ce ta aiko mu yin hidima a cikin 'yan gudun hijira, ita ce kuma take ɗauke da nauyinmu. Wata takwas da suka wuce, wata ranar Asabar, muka kai yara kan dutsen Akrofolis, muka ɗauki hoto, ni kuma na sa shi a Facebook. Bayan kwana biyu wani dattijon ikilisiya ya kira maigidana ya ce masa ashe yawon buɗe ido aka tura mu da baikon talakawa. Tun daga ranar bai sake yarda mun je ko'ina ba. Kwana bakwai na mako yana wurin aiki, ya rame, ba ya samun barci, kuma magana kaɗan sai ta zama faɗa. Yara kuwa daga makaranta sai ɗaki. Ni kaina na rasa gane ko zunubi muka yi. Ki ba ni shawara."

'Yata, na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma zan fara da tambayar da ta fi ci miki rai: ba ku yi zunubi ba. Kai yara su ga wani wuri a garin da kuke zaune, a ranar da ba ku da aiki, ba cin amanar kowa ba ne. Amma ba zan tsaya a nan ba, domin idan na ce miki kawai ki share maganar dattijon nan, na yi miki rabin shawara, kuma na bar ɓarakar da ta jawo wannan damuwa yadda take.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinki shi ne wurin da abin ya faru. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 17 ki sake karantawa a tsanake. Manzo Bulus ya sauka a wannan birni da kike zaune, yana jiran Sila da Timoti, kuma bai kulle kansa a masauki ba. Ya zaga gari, ya shiga kasuwa, ya tsaya yana duban abubuwan da mutanen suke yi wa sujada, har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagade da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba. Da suka kai shi Tudun Arasa suka ce ya yi bayani, da wannan rubutun ya buɗe jawabinsa, ya kuma kawo musu maganar mawaƙansu na kansu. Da bai fita ya kalli garin da idonsa ba, da bai sami ƙofar da ya bi ya shiga zukatan masu sauraronsa ba. Tudun nan yana nan har yau a gindin Akrofolis, tafiyar 'yan mintoci daga inda kuka ɗauki hotonku, kuma an kafa allon tagulla a jikinsa ɗauke da jawabin da harshen Girkanci. Babban haikalin da ke saman dutsen Akrofolis, wanda aka kammala a shekara ta 432 kafin haihuwar Almasihu, ya riga ya kusa shekara 500 a tsaye sa'ad da Bulus ya ɗaga ido ya gan shi.

Ina jaddada wannan ne domin sanin ƙasa yana cikin aikin wanda aka aika. Haikalin nan da na ambata ya taɓa zama coci, daga baya ya zama masallaci, sannan ya tarwatse a shekarar 1687 sa'ad da aka harba wa albarushin da aka ajiye a ciki wuta. Duk wanda ya tsaya ya fahimci wannan tarihi, ya kuma san cewa Girkawa sun yi kusan shekara 400 a ƙarƙashin Daular Usmaniyya kafin yaƙin neman 'yancinsu na 1821, zai gane dalilin da ya sa maƙwabtanku suke ɗaukar Cocin Otodoks a matsayin wani ɓangare na zamansu Girkawa, zai kuma gane abin da ya sa sashe na 13 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana jan mutane su sauya addini. Baƙon da bai san waɗannan abubuwa ba yana iya taka wa mutane ƙafa a inda ya fi yi musu zafi, alhali shi a ransa alheri yake nufi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ma'aikacin bishara ya fi kowa bukatar wannan ilimin.

To, me ya sa dattijon ya ga abin da wata fuska? Ina roƙonki ki yi masa adalci a nan, ko da maganarsa ta yi kaifi fiye da yadda ya kamata. Ko ba ki faɗa ba, na san yadda ranakunku suke. Na san ana tashi da asuba a shirya yara, a zauna ana fama da haruffa 24 na Girkanci, bayan haka a yi ƙoƙarin haɗa 'yan kalmomin Larabci ko Farisanci domin a iya gaisawa da waɗanda ake yi wa hidima. Na san layin ofishin takardun zama, da dafa abinci a manyan tukwane da wanke su, da tantance tufafin da aka bayar, da raka mara lafiya asibiti a zauna awa uku ana jiran likita, da cike wa wani takardar da bai iya karantawa ba. Na san kuma nauyin da ya fi waɗannan duka, wato sauraron uwar da take ba da labarin yadda suka ƙetare teku daga Turkiyya zuwa tsibirin Lesbos a cikin jirgin roba. A shekarar 2015 kaɗai, sama da mutum 800,000 ne suka shigo Girka ta teku, kuma har yau kuna haɗuwa da mutanen da suka bi wannan hanya, kowa da tabonsa. Irin wannan labari ba ya tsayawa a wurin aiki, yakan bi mutum har kan matashin kansa.

Amma a cikin waɗannan duka, wanne ne kika taɓa sa hotonsa a Facebook? Ina zaton babu, kuma daidai kika yi, domin fuskar ɗan gudun hijira ba abin tallatawa ba ce, kuma bayyana ta yana iya jefa shi ko danginsa da ya baro cikin haɗari. Sakamakon haka, daga cikin kwanaki sama da 500 da kuka yi a can, rana ɗaya tak mutanen gida suka gani da idonsu, ita ce kuwa ranar da kuke murmushi a kan dutse, sararin sama garau a bayanku. Gani ya kori ji, dattijon kuwa abin da ya gani ke nan, yana kuma tuna fuskokin waɗanda suke hana kansu domin su saka wani abu a baikon mishan. Bai kyauta ba da ya yanke hukunci kafin ya tambaya, amma kishin kuɗin Ubangiji da ya motsa shi ba abin raini ba ne.

Saboda haka a ganina fitar da kuka yi ba ita ce ta haifar da wannan matsala ba. Abin da ya haifar da ita shi ne an aike ku ba tare da an zauna an fayyace abu biyu ba: wane kuɗi ne na aiki, wanne ne na iyalinku, kuma wace rana ce ta hutunku. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Game da kuɗi, Bulus ya bar mana misali mai kyau. A 1 Korantiyawa sura 9 ya tsaya kai da fata cewa masu shelar bishara suna da haƙƙin su ci daga aikinsu. A 2 Korantiyawa 8:18-21 kuma, sa'ad da yake tattara gudummawa domin 'yan'uwa mabukata, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Ku riƙe duka biyun. Ku nemi kwamitin mishan ya rubuta muku a fili adadin da aka ware wa hidima da adadin da yake haƙƙinku na ci da sha da haya da tufafi. Na farko, ko yuro ɗaya kada ya fita sai da rasit da rahoto. Na biyu kuwa naku ne, kamar yadda albashin kowane ma'aikaci yake nasa, kuma idan kun tsimi wani abu daga ciki kuka sayi tikitin jirgin ƙasa domin yara su ga teku, ba ku da bayanin da za ku yi wa kowa. Duk da haka ina ba ku shawarar ku riƙa auna fitarku da aljihun waɗanda suka aike ku. Akwai tazara mai yawa tsakanin yini ɗaya a wurin tarihi da mako guda a otal ɗin tsibirin Santorini, kuma ba duk abin da ya halatta ne yake da amfani ba.

Alhali ma yawancin abin da kuke bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Hawa Tudun Arasa kyauta ne, haka ma shiga babban lambun ƙasa da ke tsakiyar birni kusa da ginin majalisa, kuma daga watan Nuwamba zuwa Maris akwai Lahadin farkon wata da ake shiga wuraren tarihi na gwamnati ba tare da biyan komai ba. Tsohon birnin Koranti bai wuce tafiyar kimanin kilomita 80 daga Atina ba, ana iya zuwa da safe a dawo da yamma, kuma a can za ku ga dandamalin shari'a da ake dangantawa da gurfanar da Bulus a gaban gwamna Galiyo. A garin nan Bulus ya zauna shekara ɗaya da wata shida, daidai tsawon zamanku a Atina, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa. Yaron da ya taka waɗannan duwatsu da ƙafarsa ba zai sake karanta wasiƙun Korantiyawa kamar tatsuniya ba.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato halin da maigidanki yake ciki. Mutumin da ya yi wata takwas ba hutun ko yini ɗaya, ya rame, barci ya ƙaurace masa, fushi kuma ya zama kusa, jikinsa ya riga ya fara magana, jiki kuwa magayi ne. Kada ki yarda a lulluɓe wannan da sunan himma. A Markus 6:31, sa'ad da manzanni suka dawo daga aike, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Yesu da kansa ne ya ce su zo wurin da ba kowa su ɗan huta. Da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a gindin itace, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, sai daga baya aka yi masa magana a kan aiki. Abafaroditas, wanda ikilisiyar Filibi ta aika ya yi wa Bulus hidima, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus kuwa ya mayar da shi gida ya ce a karɓe shi da girmamawa.

Tarihin aikin mishan ma ya koyar da wannan darasi da tsada. William Carey, ɗan mishan daga Ingila wanda ya isa Indiya a 1793, ya bar aikin fassara mai ɗimbin yawa, amma matarsa Dorothy ta sami taɓin hankali bayan rasuwar ɗansu ɗan shekara biyar, cikin kaɗaici a baƙuwar ƙasa, kuma ba ta warke ba har ta rasu a 1807. Duk lokacin da na ji ana yabon manyan 'yan mishan, nakan tuna da matan da yaran da suka biya farashin a ɓoye. Shi Carey ɗin kansa yana da lambun da yake kula da shi a Serampore, yana nazarin tsirrai, kuma ba wanda ya isa ya ce malalaci ne. Garin Kodaikanal da ke kan duwatsun kudancin Indiya, 'yan mishan na Amurka suna cikin waɗanda suka kafa shi a 1845 domin su sami inda za su tsere wa zafi da cututtuka su maido da ƙarfinsu. Ƙungiyoyin mishan ba domin son jin daɗi suka shigo da tsarin hutun mako da hutun komawa gida ba, sun gaji ne da binne ma'aikatansu da kuma mayar da waɗanda suka karye tun aikin bai yi nisa ba.

Sai dai ina gargaɗinki, kada ki ɗauki waɗannan ayoyi ki tare maigidanki da su kamar mai neman cin gardama. Ya san su, wataƙila ma ya fi ki saninsu. Abin da yake damunsa shi ne an taɓa mutuncinsa, an zarge shi da cin amana, shi kuma yana ƙoƙarin wanke kansa ta hanyar aikin da ba ya ƙarewa, ko da yake wanda ya zarge shi ba ya nan balle ya gani. Wataƙila kuma, ko da bai furta ba, yana ganin hoton da kika sa ne ya jawo masa wannan kunya. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan yara sun yi barci, ki fara da naki kason: ki ce masa kin gane cewa sa hoton ba tare da kun yi shawara ba, ba tare kuma da wani bayani a ƙarƙashinsa ba, ya buɗe ƙofar da ba ki yi zato ba, kuma kin ji zafin abin da aka faɗa masa. Bayan haka ki gaya masa abin da idonki yake gani a jikinsa da kuma a fuskar yaran, ba tare da zargi ba. Ki roƙe shi ya ga likita a kan rashin barcin da ramar, domin ba komai ne gajiya kawai ba. Idan kuma akwai wani fasto ko ma'aikaci da ya girme shi a hidima a can Atina, wanda yake jin maganarsa, ki nemi yardarsa ku je wurinsa tare.

Hanyar da nake ganin za ta fi saurin kwance wannan ƙulli ita ce umarnin hutun ya fito daga waɗanda suka aike ku. Idan ke ce kika ce ya huta, zai ji kamar ya ba da kai ga zargi. Idan kuwa faston ikilisiya da kwamitin mishan ne suka rubuto cewa wajibi ne ya ajiye aiki yini ɗaya a kowane mako, zai karɓa a matsayin biyayya, kansa a ɗage. Saboda haka ku rubuta musu tare, da sunansa a sama, cikin ladabi, ba da harshen ƙara ba. Ku faɗi abin da ya faru, ku nemi a fayyace batun kuɗi da na hutu, sannan ku haɗa da abin da na tabbata ba ku taɓa aika musu ba, wato labarin rana ɗaya ta rayuwarku tun daga asuba har dare, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Da Bulus da Barnaba suka koma Antakiya, sun tara ikilisiya sun ba da labarin duk abin da Allah ya yi ta wurinsu. Ku ba za ku iya tara su ba a yanzu, amma kuna iya aika musu wasiƙa kowane wata, kuma a cikinta kada ku ɓoye ranar fitarku. Ku rubuta cewa kun kai yara Koranti, ga abin da suka koya, ga kuma aljihun da kuɗin ya fito. Ɓoyewa ita ce za ta fi cutar da ku, domin ranar da wani ya gano, zai ce ashe dattijo ya yi gaskiya. Shi dattijon kuwa, ya dace maigidanki ya kira shi da kansa bayan an aika wasiƙar, ya gaishe shi, ya gode masa da kishinsa, ya kuma bayyana masa yadda abin yake. Sau da yawa irin waɗannan iyaye, idan aka girmama su aka nuna musu lissafi, su ne suke komawa masu kare ku a gaban jama'a.

Kada ku manta cewa yaran nan ba su ne aka ɗora wa hannu aka aika ba, bin ku suka yi. An raba su da kakanni da abokan wasa, an saka su cikin harshen da ba nasu ba, kuma idan suka tashi da tunanin cewa aikin Allah ne ya ƙwace musu uba ya kulle su a ɗaki, gyaran wannan zai fi muku wuya fiye da duk wata hidima da kuke yi yanzu. Wani lokaci kuna iya gayyatar wani iyali daga cikin waɗanda kuke yi wa hidima su bi ku lambu, domin su ma yaransu suna bukatar iska, amma kada hakan ya zama kullum, in ba haka ba ranar hutun za ta sake rikiɗewa ta zama ranar aiki. Ke ma ki nemi mace ɗaya da za ki riƙa buɗe wa cikinki kuna addu'a tare, domin na lura a duk wasiƙarki kin faɗi halin maigida da na yara, amma naki sai a layi ɗaya.

Mai yiwuwa ne amsar kwamiti ta ɗauki makonni, maigidanki kuma ya ƙi motsawa kafin ta iso. Idan haka ta faru, kada ki matsa masa, amma ki nemi izininsa ki fita da yaran ke kaɗai zuwa wuri na kusa wanda ba a biyan kuɗi. Ki fara da Tudun Arasa da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi sanyi, ki tafi da Littafi Mai Tsarki ki karanta musu sura 17 ɗin nan a wurin, wayarki kuma ta zauna a jaka. Ku bi matakalar ƙarfen da aka kafa a gefe, ki kuma riƙe hannun ƙaramin sosai, domin dutsen yana da santsi. Idan kun dawo, ki bar yaran su ba babansu labari da bakinsu. Ina addu'a dominku, kuma ina so ki sake rubuto mini idan amsar ikilisiya ta zo, musamman a kan abin da likita ya ce game da barcinsa.